Hoton MRI na ƙugu: a kwance aka ɗauka, ciwon kuwa a tsaye yake zuwa

Wata 8 na yi ina fama da ciwon ƙugu mai sauka har ƙafar hagu. In na tsaya gaban allo minti 10 sai ƙafar ta ɗauki zugi, amma da na zauna ko na yi ruku'u sai ya lafa. Tarawihin bana a kan kujera na ƙarasa ta. Likitan ƙashi ya rubuta min hoton MRI, na je wata cibiya mai zaman kanta a nan Kano.

Ma'aikatan dai sun kyauta. Sun tambaye ni ko akwai ƙarfe a jikina, suka sa na cire agogo da bel, domin injin maganaɗisu ne mai ƙarfin Tesla 1.5. Saurayin da ke kula da shi ya kwantar da ni rigingine, ya tura wani filo mai tudu ƙarƙashin gwiwoyina, ya toshe min kunnuwa. "Baba, don Allah kada ka motsa, motsi kaɗan zai ɓata hoton." Kusan minti 25 injin yana ƙara kamar na niƙa. Wallahi tun da ciwon ya fara bayana bai taɓa samun sauƙi irin na wannan kwanciyar ba.

Ashe a nan gizo ke saƙa. Sakamako ya nuna ɗan matsewa ne kawai tsakanin ƙashin L4 da L5, wato ƙasusuwa biyu na ƙasan gadon baya. Raina ya ɓaci ƙwarai: ga kuɗi masu yawa sun tafi, ga takarda tana nuna kamar raki nake yi.

Likitan ne ya warware min. Idan an kwanta an ɗage gwiwa, lanƙwasar ƙugu tana miƙewa, hanyar da jijiyoyi ke bi ta ƙara faɗi, shi ya sa ruku'u ke ba ni sauƙi. Da mutum ya miƙe tsaye, nauyin jiki ya danne faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ya ƙara bultsowa, tantanin da ke bayan hanyar ya tattare, sai ta ƙuntata. Wato an ɗauke ni a yanayin da ciwon yake ɓuya. Akwai injinan da ke ɗaukar mutum a tsaye ko a zaune, amma ba su da yawa, kuma maganaɗisunsu bai kai wannan ƙarfi ba.

Sai ya tura ni hoton X-ray a tsaye, ɗaya na sunkuya, ɗaya na banƙare. A nan aka ga L4 yana zamewa gaba a kan L5, abin da kwanciya ta rufe.

Hoton MRI na cibiyar ya fito tar, kuma zan iya tura ɗan'uwana can. Ƙorafina ɗaya ne, yana kuma ci min rai: takardar da na cike ta tambayi ƙarfe da tiyata, amma babu wanda ya tambaye ni a wane yanayi ciwon ke tasowa. Da an rubuta "a tsaye", mai karanta hoton zai san da wane ido zai dube shi.