Kafin ka biya a rubuta maka CV

Tun ana tsakiyar bautar ƙasa 'yan kofa ke fara tambayar juna inda ake samun CV mai kyau, wato takardar tarihin karatu da aiki da ake neman aiki da ita. Amsar ta danganta da wanda zai karanta ta, don haka ka fara sanin inda za ka kai.

Mafi kusa da arha shi ne shagon buga takardu. Matsalarsa, mai bugawa yakan ajiye tsohon samfuri guda a kwamfutarsa, ya goge sunan wani ya sa naka. Shi ya sa za ka ga CV goma duk sun buɗe da cewa mai ita haziƙi ne mai son aiki da jama'a, sannan a jero addini da aure da ranar haihuwa har su cinye rabin shafi. Jihar asali da ƙaramar hukuma suna da amfani a aikin gwamnatin tarayya saboda tsarin rabon guraben aiki tsakanin jihohi, amma ƙungiyar agaji a Maiduguri ko kamfanin sadarwa ba su ne damuwarsu ba. Ka je shagon don a fitar maka da takarda, ba don a rubuta maka ba.

Canva kuwa, manhajar tsara zane ta intanet, tana jan ido, kuma samfuranta da yawa kyauta ne. Sai dai manyan kamfanoni da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da dama suna fara tace takardu da manhajar da ake kira ATS kafin idon mutum ya gan su, kuma rubutun da aka raba gida biyu, da akwatuna da zane-zane, na iya rikita ta. Mai neman aikin zane ko kula da shafukan sada zumunta zai ci moriyarta. Mai neman aikin akanta ya haƙura.

Ni abin da na fi yarda da shi shi ne Microsoft Word ko Google Docs, ko WPS Office ga wanda waya kaɗai yake da ita. Baƙin rubutu kan farar takarda, shafi ɗaya, a ajiye shi a PDF. Babban amfaninsa, kai ke riƙe da takardar, kana iya sauya ta bisa kowace sanarwar aiki ba sai ka koma wurin wani ba.

Aikin gaske kuwa yana cikin abin da za ka rubuta. Sabon mai digiri yakan ce ba shi da gogewa, alhali ya yi SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata lokacin karatu, ya yi shekara guda a wurin da hukumar bautar ƙasa ta NYSC ta tura shi, ya yi aikin raya al'umma na CDS, ya rubuta binciken shekarar ƙarshe. Kada ka tsaya a "na yi bautar ƙasa a makarantar sakandare". Faɗi darasin da ka koyar, da aji nawa, da abin da ya canza a hannunka. Wanda ya riƙe littafin bashi da lissafin kaya a shagon babansa a Kantin Kwari, ko ya gudanar da rumfar POS, ya yi aikin kuɗi, kuma ya kamata ya rubuta.

Masu karɓar kuɗi su rubuta CV sun cika WhatsApp da LinkedIn, akwai nagari a cikinsu. Gwajinsu mai sauƙi ne: nagarin zai zaunar da kai ya yi ta yi maka tambayoyi. Wanda ya nemi sunanka da makarantarka kawai, kada ka tura masa ko sisi. ChatGPT ma yana gyara Turanci da kyau, amma yakan ƙara maka ƙwarewar da ba ka da ita, kuma ranar intabiyu kai za a tsare da tambaya.

Mai neman tallafin karatu a Turai ya duba Europass, samfurin Tarayyar Turai ne na kyauta, kuma shirye-shiryen DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, da dama shi suke nema. Aikin 'yan sanda, shige da fice ko Sibil Difens kuwa fom ake cikewa a shafin ɗaukar aiki, don haka kada wani ya caje ka kuɗin CV da sunansu.