Na je situdiyon nan na Hindawiyya jiya, ga yadda muka kaya

Jama'a tun watan jiya samarin nan suke damun mu da labarin wani ɗan situdiyon ɗaukar waƙa a unguwar Hindawiyya a Jidda, to jiya Alhamis bayan isha'i na je da ƙafata kuma kuɗina na biya ba alfarma aka min ba. Sunan wurin ba zan faɗa ba don akwai inda zan ɗan taɓa mai shi, wanda ya san Hindawiyya dai zai gane, ɗaki ne ƙwaya ɗaya a saman wani shagon gyaran waya.

Mu bakwai ne a rukuninmu, direbobi da teloli sai wani mai aikin asibiti, abin da ya haɗa mu son tsofaffin waƙoƙin Turawan nan masu sanyi irin waɗanda ake kaɗawa da fiyano a falon manyan otal, kowa ya maimaita tasa a gida ya ɗauka da waya ya tura mana a WhatsApp mu faɗi ra'ayi. To ra'ayin ne matsalar. Ka tura waƙa ka ji "masha Allah Yaya wallahi sai kai" har sau shida, ba mai iya ce maka ka kauce saboda kunya da girman furfura, ni shekara biyu ana min haka har na fara ɗaukar kaina wani abu.

Mai wurin wani saurayi ne ɗan Sudan, natsattse, ya karɓi riyal 80 na awa ɗaya. Kaya ba wasu na a zo a gani ba ne, kwamfuta ɗaya, fiyanon lantarki, makirufo irin kondensa wanda sai an ba shi wuta bolt 48 kafin ya yi aiki, bango kuma an lulluɓe da soso da barguna masu kauri. Na ce masa ni kwalin ƙwai na manna a ɗakina, dariya kawai ya yi ya ce wannan ko amsa-kuwwa ba ya kashewa sosai balle ya tare hayaniyar titi, gara in shige gaban durowar kaya in buɗe ta in yi waƙa ina fuskantar riguna.

Fly Me to the Moon na kai masa, wadda na fi alfahari da ita. Ban kai ƙarshen baitin farko ba ya ɗaga hannu. "Ya zol, sake" (haka 'yan Sudan ke kiran mutum, kamar ka ce kai malam). Na sake, ya kuma tsayar da ni, sai ya zauna kan fiyano ya danna min sauti biyun farko na waƙar, C da B, ya ce tsakaninsu rabin taki ne ni kuma tsallake shi nake yi in faɗa na ƙasa. Ya ce kar in ji haushi, su ma a Sudan yawancin kiɗansu kan sautuka biyar yake tafiya kamar namu, kunnen da ya tashi da wannan sai ya sha wuya kafin ya saba da waɗancan ƙananan matakan. Wallahi sai da na ji wani iri, shekara biyu ina zamewa a wuri ɗaya ba wanda ya taɓa faɗa min. Mun ci wajen minti ashirin a kan wannan gaɓar kaɗai, shi ya danna ni in bi, har ta zauna.

Sai kuma harafin F, ku da kanku kun san yadda Bahaushe ke fitar da shi da leɓɓa biyu kamar mai hura wuta, kalmar farko ta waƙar kuwa da shi ta fara, makirufon ya dinga ɗaukar iska fuu. Ragar da ake sawa gaban makirufo ta rage, sauran ya ce in ɗan kauda baki gefe in ja baya kamar taƙi ɗaya.

Af, ya raba mana gardamar nan da muke yi da telanmu, shi yana ƙirga bugun waƙar uku-uku ni huɗu-huɗu kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya ɓata. Ashe kowa da gaskiyarsa, Bart Howard da ya rubuta ta a 1954 a uku-uku ya yi ta, wadda duniya ta fi sani kuwa ta Frank Sinatra ce ta 1964 da makaɗan Count Basie, Quincy Jones ya tsara kiɗan a huɗu-huɗu. Malam tela ka yafe ni.

Yanzu inda zan taɓa shi. Na ɗaya zafi, dole a kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, lokacin ɗauka don makirufon har ƙugin firjin maƙwabta yana ji, ɗaki ba taga a damshin Jidda, na fito sharkaf kamar wanda ya faɗa rijiya. Ko ruwan sanyi bai ajiye ba. Na biyu kuma wanda ya fi min ciwo, da ya zo haɗa sauti ya zabga min amsa-kuwwa kamar ina waƙa a cikin tankin ruwa, ya ƙara da otocun, manhajar nan mai gyara kaucewar murya, ya goge muryata tas har ta koma ta yaron zamani. Irin wannan waƙar ai kusanci take so, a ji numfashinka kamar kana raɗa wa mutum a kunne. Na ce Ustaz cire min wannan, ya ɗan ja, sai da na nace sannan ya rage, kuma minti goma sha biyar ɗin da muka yi muna ja-in-ja a cikin awata ya lissafa.

Duk da haka zan koma, ba don ɗauka ba don kunnensa. Ku gwada a gida ku kawo masa ya saurara, awa ɗaya ta ishi mutum biyu in kun raba kuɗin. Na riga na kama Alhamis mai zuwa ƙarfe goma ni da tela, wanda zai biyo mu ya taho da tawul da gorar ruwansa.