Superman na Rasha da John Smith: wa tarbiyya za ta iya wankewa?

Ɗan'uwa, tambayarka ta jiya da dare ta zauna min a rai har cikin danfo, motar hayar Legas, daga Agege zuwa Oshodi, wato in mutum ya tashi a wata duniya ta daban inda zalunci shi ne al'ada, za a kama shi da laifi ko tarbiyya za a zarga? Ni da labarai biyu nake auna wannan, amma fa zan ɓata maka su in ba ka gani ba.

Na farko Superman: Red Son, littafin zane na Mark Millar na 2003. Jirgin da ya ɗauko Superman yana jariri daga wata duniya bai sauka a Kansas ta Amurka kamar a labarinsa na asali ba, sai ya faɗa wata gonar gwamnati a Yukiren lokacin Tarayyar Sobiyet. Ya tashi da aƙidar gurguzu, ya yi wa shugabanta Stalin aiki, daga baya mulki ya dawo hannunsa. Zuciyar nan ta son ceton mutane tana nan ba ta je ko'ina ba, amma duk mai jayayya da shi sai a yi masa tiyata a ƙwaƙwalwa ya koma bi-ta-zaizai. Icce tun yana ɗanye aka tanƙwara shi, bai taɓa sanin wata hanya ba.

John Smith kuwa na cikin The Man in the High Castle, shirin Amazon da aka fara a 2015 daga littafin Philip K. Dick na 1962, inda Jamus da Japan suka ci yaƙin duniya na biyu suka raba Amurka. Shi wannan ba a cikin mulkin Nazi na Hitler aka haife shi ba, sojan Amurka ne da gemunsa da iyalinsa, yunwa da tsoro suka sa ya karɓi tambarinsu, kuma akwai wurin da ya ga an loda abokinsa Bayahude a mota za a tafi da shi, ya kau da kai kamar bai san shi ba, wallahi wurin nan sai da na dakatar da wayar na yi shiru. Ya san abin da yake yi. Hujja ma ita ce da ɗansa Thomas ya kamu da cutar da dokarsu ta ce a kashe mai ita, ai kashe likitan ya yi don ya rufe asirin. Ashe dokar ga 'ya'yan wasu kawai take da daɗi.

To Thomas ɗin fa, shi ne ainihin amsar tambayarka. Yaro ne da makaranta ta cika wa kai tun yana ƙarami, da ya gane ba shi da lafiya da ƙafarsa ya je ya miƙa kansa. Shi ba ni da bakin zarginsa.

Superman yana tsakiya. Tarbiyya ta ba shi uzuri a farko, amma mutumin da kunnensa ke jin kukan kowa a doron ƙasa ba zai ce labari bai iso masa ba.

Mu ma mun san ana haihuwar kowane yaro a kan fiɗira iyaye ne ke juya shi, ga kuma ayar Suratul Isra'i da ta ce ba a azaba sai an aiko manzo, wato sai sani ya iso. Ka duba yaranmu na Idi-Araba da Agege, Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu, ba wanda ya ce laifinsu ne. Amma babba da ya baro Kano da wayonsa ya zo kasuwar Mile 12 ya koyi tauye mudu yana cewa ai haka Legas take, wannan John Smith ne sak, sai dai shi ba kaki.