Zaren kofi ko PHA, wanne ne yake ruɓewa da gaske?

Ɗan uwa ka tambaya wane zaren roba za ka saya wa firintar 3D ɗinka, zaren da aka haɗa da ragowar abinci kamar garin kofi da ɓawon lemu, ko kuwa PHA, wato robar da bakteriya suke samarwa, tunda kana so abin da ka buga ya ruɓe in ya gama aiki. To gaskiya ba abu ɗaya bane, kuma nan ne ake yaudarar mutane da yawa.

Shi zaren kofi ko na ɓawo yawancinsa PLA ne, garin kawai aka barbaɗa a ciki. PLA roba ne, daga sitacin masara ko rake ake yinsa, amma kar sunan ya ruɗe ka, in ka binne shi a ƙasa sai ya shekara da shekaru yana nan, sai an kai shi wurin yin takin masana'anta inda zafi yake kai wajen digiri 58 da danshi sannan yake ruɓewa. Wajen bugawa kam yana da daɗi, digiri 190 zuwa 220 ya isa, kalar tana fitowa ruwan ƙasa mai kyau, layukan ma basa nunawa sosai. Matsalarsa toshe bakin firintar inda robar take fitowa, ƙwayoyin garin suna maƙalewa a baki mai faɗin milimita 0.4, ka sa mai 0.6 ka huta.

PHA kuma bakteriya ne suke tara shi a cikin jikinsu, kuma ana iya ciyar da su da tsohon man suya ko ruwan ragowar abinci, wato sharar ce take komawa robar kanta. Tun 1926 Maurice Lemoigne ya gano irinsa na farko a Faransa. Wannan yana ruɓewa a ƙasa har ma a ruwan teku, sai dai in abin mai kauri ne zai ɗau lokaci. Amma fa yana da tsada, kuma gefensa yana son lanƙwasa ya ɗago daga farantin da firintar take bugawa a kai, shiyasa ake buga shi faranti a sanyi fanka a kunne. Kamfanin colorFabb na Holan suna da zaren PHA mai suna allPHA.

Ni dai in tukunyar shuka ce da za a sa a ƙasa, PHA zan ɗauka ko ya fi wahala. In kwalliyar tebur ce zaren kofi ya wadatar. Ka dai duba kwalin da kyau, akwai masu rubuta PLA/PHA a haɗe, shi ma sai takin masana'anta.