Zanen jan alli ya burge ni, firam ɗin ne ya ɓata min rai

Zanen kansa ba ni da ta cewa. Zanen gwaji ne na kai da hannuwan Jerom, waliyyin Kirista, da jan alli, santimita 21 a 16, aikin birnin Bolonya na Italiya na ƙarni na 17. Dillalin da ya sayar min ya rubuta cewa na almajiran shahararren mai zane Guercino ne, bai laƙaba wa malamin ba, kuma na yaba masa wannan gaskiyar. Da na haska tocila daga gefe, layukan mazubin takardar suka fito sarai, irin waɗanda ake gani a takardun Italiya masu tambarin jinjirin wata uku da malamanmu suka yi ta rubuta Alƙur'ani a kansu. A nan har na ce tauraro biyar.

Sai na buɗe bayan firam ɗin.

Salatif! Gefe huɗu duka an manne da salatif, gam ɗinsa ya riga ya ratsa takardar ya bar tabo ruwan kasa. Duk mai wannan sana'a ya san da ƴan guntayen takardar Japan biyu ake rataye zane, daga sama kawai, da kunun sitacin alkama wanda ɗan danshi ke sakinsa. Takarda tana buɗewa da damina, ta tsuke da hunturu. In ka ɗaure ta ko'ina, dole ta yi tudu a tsakiya, wannan kuwa ta riga ta yi. Kwalin da aka zagaye ta da shi ma na niƙaƙƙen itace ne mai tsami maimakon na auduga, ga layin ƙuna nan ya bi bakin zanen.

Abin da ya fi ci min rai shi ne robar da aka sa a madadin gilashi. Roba tana jan garin alli in an goge ta, kamar yadda leda ke jan gashi. Inuwar gemun waliyyin na nan jajir a jikinta, wanda ke nufin wannan allin ya bar takardar ke nan har abada.

Af, da ɗige-ɗigen tsatsa guda shida a kusurwar hagu. Babu su a bayanin da ya turo, a hoton ma an ƙara haske sun ɓace. To ina gaskiyar da na yaba ɗazu?

Tauraro biyu. In dai za ka saya a wurinsa, ka ce ya turo zanen tsirara tsakanin kwali biyu, ka kai wa mai gyaran takarda da kanka.