Takin gargajiya ko na zamani ga gonar da ta gaji

Malam, tsakanin takin gargajiya da na zamani da kake tambaya a kai, na yi aiki da duka biyun, kuma na gargajiya nake ba ka shawara ka sa a gaba.

Akwai ɓangaren gonata da na yi shekara shida ina zuba wa takin zamani, wato NPK da yuriya, kaɗai, har ƙasar ta ƙeƙashe, ruwan sama ya riƙa gudu a kanta ba ya shiga, fartanya kuma tana tsalle idan an sara. Daga baya na haƙa rami a gefe, na riƙa tara kashin dabbobi da busasshen ganye da ragowar kara, ina yayyafa ruwa ina juyawa duk bayan mako biyu, har ya yi wata uku ya koma baƙi, ya daina zafi da wari. A damina ta biyu da fara zuba shi, kwana huɗu bayan an yi ruwa, na tura hannu cikin kunya na ɗebo ƙasa mai laushi da danshi, ga tana biyu suna motsi a tafin hannuna, abin da na daɗe ban gani ba a wurin. Ruɓaɓɓen taki abinci ne ga ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, su ne kuma suke sassauta ta, su buɗe wa ruwa da iska da saiwa hanya.

Na zamani yana da ranarsa, domin kashi 46 cikin 100 na yuriya naitirojin ne, wato sinadarin da shuka ke buƙata don yin ganye, ganye kuwa yakan yi kore cikin 'yan kwanaki. Sai dai ba ya ƙara wa ƙasa jiki, yawan zuba shi yana ƙara mata tsami, rarar da shuka ba ta sha ba kuma tana bin ruwa zuwa rijiya da rafi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu kwaso sharar juji su sayar da sunan takin gargajiya. Na taɓa sayen mota guda ban duba ba, da aka sauke sai ga leda da fasassun kwalabe da ruɓaɓɓun batura, har yau ina tsintar su a bayan garma. Dalma da kadmiyam, ƙarafa masu guba da ke cikin irin wannan shara, ba sa ruɓewa, suna zama a ƙasa shekaru da yawa, wani ɓangarensu kuma yana shiga amfanin gona. Ƙasar da ta gurɓata kuma ba abin da za a kankare a sake ba ce, tunda hukumar FAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce santimita 2 zuwa 3 na ƙasar noma kan ɗauki har shekara 1,000 kafin ya samu. A ɓangaren na zamani ma ana algus da yashi, saboda haka ka jiƙa ɗan yuriya a kofin ruwa: mai kyau yakan narke tas ba ya barin komai a gindi.

Ka haɗa takinka da kanka idan da hali, ka baza shi kafin huɗa, kada kuma ka zuba ɗanyen kashi kusa da shuka domin yana ƙona saiwa. Idan ganye ya fara rawaya a tsakiyar damina, sai ka ƙara yuriya kaɗan, ka binne shi a ƙasa mai danshi don kada ya bi iska.