Rasta ko bekta? Tambayi mai zanen tambari kafin ka biya

Duk mai shago a Damagaram da zai sa a zana masa tambari, kada ya zaro ko dala sai ya ji wane irin fayil za a ba shi, rasta ko bekta.

Rasta shi ne irin hoton waya, JPG ko PNG, tarin ƙananan ɗigo da ake kira fiksel. Hoton amarya ko na haja a Facebook, aikinsa ne. Amma hoto mai faɗin fiksel 1000, in an buga shi da ɗigo 300 a inci, santimita 8 da rabi kawai zai ba ka. Ja shi ya kai mita 3, kowane ɗigo ya zama milimita 3, bakin haruffa kamar haƙoran zarto.

Bekta kuwa lissafi yake ajiyewa: inda layi ya tashi, inda ya lanƙwasa, launin da ya cika shi. Irin lanƙwasar ma sunan Pierre Bézier ta ci, injiniyan Renault da ya zana jikin mota da ita. Tunda lissafi ne, ko an faɗaɗa shi ba ya fashewa, shi ya sa fayil ɗaya, SVG ko AI ko CDR, zai yi maka hatimi, riga da allon ƙofar shago, tsaf. Injin yankan sitika ma layin nan yake bi. Inkscape, manhajar zanen bekta, kyauta ne, don haka kada wani ya fake da tsadar takwarorinsa Illustrator ko CorelDRAW.

Ni dai na sha. Jika 15 na ba wani yaro, ya turo PDF yana rantsuwa bekta ne. Sai da na je wajen bugu kusa da kasuwar Dole aka buɗe, ashe JPG ya cusa a ciki! Sunan fayil ba shaida ba ne, malam. Sa mai zanen ya faɗaɗa tambarin ninki 10 a gabanka. In ka ga 'yan murabba'ai, riƙe kuɗinka. Ka ce kuma ya mayar da rubutun ya zama zanen layi, in ba haka ba ƙ da ɗ na sunan shagonka suna iya ɓacewa a kwamfutar mai bugu. Wanda ya turo tambari a matsayin hoto ta WhatsApp kuwa, an riga an matse shi. Cikon kuɗi sai fayil na asali ya shiga hannunka.